Jira iri biyu: yadda muka bi takardun bizar Hajiya daga Zariya zuwa Legas

Duk wanda ɗansa ko ɗan'uwansa ya shigar masa da takardun zama a Amurka, abu na farko da zai koya shi ne jira. Ni na riƙe fayil ɗin mahaifiyarmu a nan Tudun Wadan Zariya, Yayanmu kuma yana can yana riƙe da nasa ɓangaren, tun daga fom na farko har ranar da fasfo ya dawo da biza a ciki. Abin da na gane shi ne jiran nan kashi biyu ne. Akwai na layi, wanda ba ka da ta cewa a cikinsa, ko ka san wa ko ba ka san kowa ba. Akwai kuma wanda mu da kanmu muke jawowa: sunan da bai yi daidai ba, takardar da ta mutu kafin a neme ta, imel ɗin da ya kwana uku ba wanda ya buɗe. Na biyun ya fi cin rai, domin shi ne ake iya kauce masa, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Kafin a kashe ko kwabo, a tabbatar mai neman, wato ɗan gidan da ke Amurka, yana da hurumin nema. Wanda ya zama ɗan ƙasa a can, idan ya cika shekara 21, zai iya nema wa uwa da uba, da mata ko miji, da 'ya'ya, har da 'yan'uwan da suke uwa ɗaya ko uba ɗaya. Mai katin zama kawai, wato girin kad, iyakarsa mata ko miji da 'ya'yan da ba su yi aure ba. Iyaye ba sa cikin nasa. Iyaye da mata da ƙananan 'ya'yan ɗan ƙasa ba a ƙayyade musu adadin biza a shekara ba, don haka jiransu na aikin ofis ne kawai. Sauran kuwa akwai ƙayyadadden adadi, kuma kowane wata Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka tana fitar da jadawalin da ke nuna inda layi ya kai. Layin 'yan'uwa, wanda suke kira F4, ya haura shekara 15. Wanda ya ce maka zai kai ka cikin shekara biyu ta wannan hanya, ko bai sani ba ko yana son kuɗinka.

Abubuwa uku na gidajenmu suna karo da dokarsu, gara a san su tun ran gini. Na farko, kowane mahaifi fom ɗinsa daban, kuma bizar uwa ba ta ɗaukar autanta; yaron da ke hannunta ba zai bi ta ba sai an yi masa nasa neman. Na biyu, ɗan riƙo. A wurinmu yaron da ka raina tun yana goye ɗanka ne, amma su sai da hukuncin kotu na ɗaukar riƙo kafin yaron ya kai shekara 16, da shaidar zama tare na shekara biyu. Kada a kuskura a rubuta ɗan riƙo a matsayin ɗan ciki. Na uku, dokarsu ba ta san aure na biyu ba matuƙar na farko yana nan. Mai mace fiye da ɗaya ya nemi lauya da ya san aikin kafin ya taɓa kowane fom, kuma ya gaya masa gaskiya tsirararta.

Fom na farko sunansa I-130, mai nema ne yake shigar da shi wurin USCIS, hukumar da ke kula da takardun zama da na zama ɗan ƙasa a can. Tun daga Afrilun 2024 kuɗinsa dala 625 ne ta intanet, dala 675 a takarda. Za a ba shi lambar rasit, haruffa uku da lambobi goma, da ita ake duba inda aka kwana. Namu ya ɗauki shekara guda da 'yan kai kafin a amince. A wannan shekarar yawancin iyalai zama suke yi suna cewa ai abin yana hannun Allah da hannun Bature. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowane tsada, domin wannan shekarar ce lokacin gyaran takardun gida.

Ga yadda ake yi. A shimfiɗa tabarma, a fito da duk takardar da ke ɗauke da sunan wanda za a kai: fasfo, katin NIN, takardar haihuwa, takardar aure, katin zaɓe, tsohon fasfon da aka yi aikin Hajji da shi, da takardar haihuwar shi mai neman, wadda ita ce hujjar cewa wannan mata ita ta haife shi. A ɗauki biro a rubuta sunan da ranar haihuwar yadda suke a kowace ɗaya, harafi bayan harafi. Da wuya ka sami gidan Bahaushe da za su zo ɗaya. A wata takarda Aishatu, a wata Aisha, a wata kuma Indo saboda da shi aka san ta. Muhammadu a nan, Mohammed a can, Mamman a takardar firamare. Wata ta ɗauki sunan mahaifi, wata sunan miji, wata sunan unguwa. Ranar haihuwa kuwa, tsofaffinmu da yawa 1 ga Janairu aka rubuta musu, shekarar ma ta bambanta tsakanin fasfon Hajji da NIN. Mu a wurinmu duk mutum ɗaya ne. Jami'in da bai taɓa jin cewa Indo ita ce A'ishatu ba, mata biyu yake gani.

A namu fayil ɗin, takardar haihuwar Yaya tana ɗauke da sunan Hajiya haɗe da na mahaifinta, fasfonta kuma da sunan marigayi Babanmu. Abin da ya haɗa biyun shi ne takardar aure, ita kuma babu, domin an ɗaura auren ne a zaure da goro da shaidu, kamar na kowa a lokacin. Sai da muka nemo dattawa biyu da suka halarci ɗaurin auren, aka je kotun shari'a aka yi rantsuwa aka fitar da takarda, sannan muka karɓo shaidar rasuwar Baba daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Wannan aikin ba a jinkirta shi, saboda shaidun tsofaffi ne, kuma rai ba a bakin komai yake ba. Haka nan macen da ta taɓa wani aure kafin wannan, ana buƙatar takardar kowane aure da takardar ƙarewarsa, saki ne ko rasuwa. Magana ce mai nauyi a yi wa uwa, na sani. A sa babbar 'ya ko ƙanwarta ta tambaye ta a keɓe, amma a tambaya.

Wanda aka haifa tun kafin dokar rajistar haihuwa ta 1992 kuma ba a taɓa yi masa rajista ba, takardar rantsuwar shekaru daga kotu ita kaɗai ba ta wadatar. Da ita ake zuwa Hukumar Ƙidaya a karɓi takardar tabbatar da haihuwa. Idan kuma NIN da fasfo sun saɓa, a fara gyara NIN, domin ofishin fasfo daga can yake ɗaukar bayani. Gyaran ranar haihuwa ya fi gyaran suna ɗaukar lokaci. Takardar da aka rubuta da Larabci ko da Hausa, kamar wasu takardun aure na masallaci, sai an fassara ta zuwa Turanci, mai fassarar ya sa hannu ya shaida cewa ya iya harsunan biyu kuma fassarar daidai ce. Shafin Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka yana da sashe na Najeriya da ya faɗi irin takardar da suke karɓa a kowane fanni da hukumar da za ta bayar. A karanta shi kafin a biya kowa kuɗin wata takarda.

Idan takardun haihuwa an yi su ne shekaru da yawa bayan haihuwar, suna iya neman ƙarin hujja, don haka a tara tun yanzu: katin asibiti na yarinta, rijistar makarantar firamare mai sunan iyaye, tsofaffin hotunan suna ko na sallah, rasit na kuɗin da ɗan yake aikowa gida. Wani lokaci su ba da shawarar gwajin DNA. Kada a yi gaban kai a je a yi shi a wani asibiti don a burge su, ba za su karɓa ba. Sai sun nema, sannan mai nema ya zaɓi ɗakin gwaji daga cikin waɗanda aka amince da su a Amurka ya biya, kayan ɗaukar samfur su zo kai tsaye ofishin jakadanci, a kira mutum a ɗauka a gaban jami'insu, sakamakon kuma ya koma musu ba tare da ya bi ta hannunka ba.

Bayan an amince da I-130 fayil yana komawa cibiyar biza ta ƙasa, NVC. Za su aiko da lambobi biyu ta imel, lambar fayil wadda tamu ta Najeriya ke farawa da LGS, da wata lambar biyan kuɗi. Da su ake shiga CEAC, shafin intanet da ake biyan kuɗi da ɗora takardu da duba matsayin fayil. A nan zan ja kunne sosai: imel ɗin da za a ba su ya zama na ɗan gida mai duba shi kullum, kuma lambobin nan kada su zauna a hannun mai shagon intanet. Na san iyalin da yaron shago ya sa nasa imel ɗin don sauƙin aiki, ya tashi daga shagon, wasiƙa ta zo ba wanda ya gani. Doka ta ce idan aka shekara guda ba a ji daga gare ku ba, za a fara shirin rufe fayil, kuɗin da aka biya da takardun da aka tura su mutu. Ko ba ku da abin turawa, ku riƙa shiga kuna taɓa fayil ɗin.

Kuɗi biyu ake biya a nan, dala 325 na biza da dala 120 na duba takardar ɗaukar nauyi, wato alkawarin mai nema cewa zai ɗauki nauyin wanda zai zo, kuma daga asusun banki na Amurka ake cire su, don haka aikin mai nema ne. Sai an ga alamar an biya, bayan 'yan kwanaki, fom ɗin neman bizar, DS-260, yake buɗewa. Fom ne mai tsawo: duk inda mutum ya zauna tun yana shekara 16, sunayen iyaye, duk aure, duk 'ya'ya har da waɗanda ba za su je ba, da shafukan sada zumunta na shekara biyar da suka wuce. A zauna da mai fayil ɗin a cike shi, a karanta mata kowace amsa da Hausa. Hajiya ce za ta tsaya gaban taga ta rantse a kan abin da aka rubuta, ba wanda ya buga mata ba. Da zarar an tura shi kuma ba ya buɗuwa sai an roƙa. A buga shafin tabbatarwa a ajiye, a kuma adana kwafin amsoshin gaba ɗaya don bita kafin ranar ganawa.

Takardar ɗaukar nauyi, I-864, ita ce ta fi mayar da fayil baya a ɓangaren masu nema. Sai kuɗin shigar mai nema ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci da gwamnatinsu take fitarwa kowace shekara, gwargwadon yawan mutanen gidansa, har da wanda zai zo da duk wanda ya taɓa ɗaukar wa nauyi a baya. Lissafin mutanen gida nan ake yawan tuntuɓe. A haɗa da bayanin harajin shekarar ƙarshe, wanda aka ciro daga hukumar harajinsu ya fi sauƙin karɓuwa. Idan kuɗin bai kai ba sai a nemi wani ɗan ƙasa ko mai girin kad ya tsaya tare, ya cike nasa fom. Wanda za a roƙa wannan alfarma a faɗa masa gaskiya: alkawari ne da kotu za ta iya kama shi a kai, kuma yana nan har wanda ya zo ya zama ɗan ƙasa, ko ya yi aikin da ya kai kimanin shekara goma, ko ya bar ƙasar ya ajiye katin, ko ɗayansu ya rasu.

Mun yi asarar wajen wata biyu a wannan mataki saboda abu ƙarami. Takardar haihuwa an ɗauki hoton gabanta kawai, gefen da hatimi yake kuma ya yanke. Aka ƙi ta. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, takarda ɗaya idan aka ƙi, ka gyara ka sake turawa, fayil ɗin ƙarshen layin masu jiran dubawa yake komawa. Saboda haka a yi sikanin mai launi, kusurwa huɗu su fito, gaba da baya idan akwai rubutu ko hatimi, takarda mai shafi da yawa a haɗe ta wuri ɗaya, kuma kada a manta da danna maɓallin turawa bayan an ɗora. Mutum biyu su duba kafin a tura. Ranar da suka rubuto cewa takardu sun cika, a rubuta ta a bangon fayil, domin da wannan ranar ake jera mutane a layin ganawa.

Daga nan jira na gaskiya yake farawa. Bizar zama ta 'yan Najeriya a ƙaramin ofishin jakadanci na Legas ake yin ta, ba a Abuja ba. Ofishin yana gaya wa NVC yawan guraben da yake da su, ita kuma ta cike su da waɗanda suka riga kammalawa. Kiran waya ba ya matsar da kowa gaba, haka ma wasiƙa goma. Akwai ƙofar neman gaggautawa, amma ta larura ce ta rai da mutuwa, da takardar likita mai bayani da lambar da za a same shi. Masu cewa suna da mutum a ciki da zai ba da rana, a guje su. Ranar ganawar bizar zama ba a sayen ta, ta imel take zuwa wa mai fayil da mai nema.

Wani jiran kuma daga sama yake saukowa. A ƙarshen Janairun 2020 gwamnatin Amurka ta sa Najeriya cikin ƙasashen da aka dakatar wa bizar zama, ga kuma korona da ta rufe ofisoshi a Maris na shekarar. An ɗage dakatarwar a Janairun 2021, amma tarin fayilolin da suka taru ya daɗe ana kwasarsa. A Disambar 2025 an sake fitar da wata sanarwar da ta saka Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa shiga, ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, kuma ta shafi bizar zama. Irin wannan umarni yana zuwa yana kuma canzawa. Iyalin da abin ya rutsa da su, su duba shafin ofishin jakadancin da kansu maimakon saƙon da ake yawo da shi a WhatsApp, su kuma riƙe fayil da rai, kada ƙofa ta buɗe ta tarar an rufe nasu saboda shiru.

A wannan zaman jira ne ake lura da cewa kowace takarda da tsawon ranta. Takardar haihuwa da ta aure ba sa mutuwa. Takardar shaidar hali daga 'yan sanda, wadda ake nema ga duk wanda ya kai shekara 16, shekara biyu take yi. Idan layi ya yi tsawo za ta iya ƙarewa a hannunka, sai an yi sabuwa an tafi da ita. Wanda ya taɓa zama shekara guda ko fiye a wata ƙasa, Nijar ko Sudan ko Ghana, ya duba ko ana buƙatar ta can ma. Hoto wata shida. Fasfo ana so ya rage masa aƙalla wata shida bayan ranar da ake niyyar shiga. Idan ya kusa ƙarewa a sabunta tun ana jira, a riƙe tsohon a tafi da su biyun. Bayanin haraji na mai nema shi ma yana tsufa: idan sabuwar shekarar haraji ta shigo, ya aiko da sabo. Ni na rubuta ranakun mutuwar kowace takarda a jikin kalandar ɗakin Hajiya, duk farkon wata in duba.

Gwajin lafiya shi ne mafi gajeren rai, shi ya sa ba a yin sa sai wasiƙar ganawa ta zo. Kuma ba a kowane asibiti ba. Duk ƙwarewar likitocinmu na asibitin koyarwa na Shika, sai wurin likitocin da ofishin jakadancin ya amince da su, sunayensu suna cikin umarnin da ke tare da wasiƙar. A ranar da wasiƙa ta iso a kira a kama wuri, don kowa a lokacin yake kira. Za a duba jiki, a ɗauki hoton ƙirji, a ɗebi jini, a yi alluran rigakafin da suka dace da shekaru. A tafi da katin rigakafi idan akwai, da magungunan hawan jini ko na suga da ake sha, da takardar duk wani aiki da aka taɓa yi wa mutum.

A nan hoton ƙirjin Hajiya ya nuna wani tabo, ga alama na tsohon ciwo da ya warke tun tana budurwa. Ƙa'idarsu ita ce duk hoton da ya yi kama da tarin fuka sai an ɗauki kaki safiya uku a jere, a shuka shi a ɗakin gwaji, a jira kimanin mako takwas. Ba a gajarta wannan, ba don kowa ba. Idan ya fito da cuta, magani ne na aƙalla wata shida a gaban ma'aikacin lafiya. Idan ya fito lafiya, kamar namu, takardar lafiyar wata uku kawai take yi maimakon shida, kuma ranar mutuwar biza da ita take tafiya. Shawarata ga duk mai tsoho a layi: tun ana jira a yi hoton ƙirji a nan gida don kanku. Ba za su karɓe shi ba, amma za ku san abin da ke gabanku, idan kuma akwai ciwo a fara magani da wuri, wanda wannan ya fi bizar kanta.

Tafiyar Legas a yi mata lissafin tafiya biyu, ko zama ɗaya mai tsawo. Daga Zariya tsoho ba zai ji daɗin motar dare daga Kwangila ba. Mun gangara Kaduna muka hau jirgin sama, wasu kuma Kano ko Abuja suke bi. Ofishin yana Victoria Island, kan titin Walter Carrington. Da yawanmu muna da 'yan'uwa a Agege ko Idi-Araba, kuma sauka wurinsu ya fi sauƙin aljihu, amma daren ganawa a kwana kusa, Obalende ko nan cikin tsibirin, saboda cunkoson safiyar Legas ba ya jin uzuri. Wanda ya rasa ranarsa, sake samun wata zai iya ɗaukar watanni. Kafin ranar a yi rajista a shafin da suka ambata don zaɓar inda za a karɓi fasfo.

Akwai ƙananan abubuwa da ba a rubuta su da manyan baƙi ba. Kada a yi ƙunshi ko a sa lalle a yatsu makonni kafin tafiya, domin za a ɗauki zanen yatsu goma kuma lalle yana iya hana na'ura karantawa. Mata suna son yin kwalliyar tafiya, a lallashe su su bari sai an dawo. Hoton biza santimita biyar ne kowane gefe, bango fari, babu tabarau. Hijabi ba laifi matuƙar fuska ta fito gaba ɗaya. Waya da manyan jakunkuna ba sa shiga. A jera takardun asali a fayil mai haske, kowace da kwafinta a baya, yadda mai su za ta iya zaro wadda aka tambaya ba tare da ta zubar da sauran ba. Idan ba ta jin Turanci ko tana buƙatar mai riƙe ta, a rubuta wa ofishin tun da wuri a tambayi yadda za a yi da tafinta ko ɗan rakiya.

Daren ranar na ce mata, “Hajiya, abin da kuka sani ku faɗa, abin da kuka manta ku ce kun manta.” Ta ce, “To sunan yayanka fa? Ka san ban taɓa kama shi ba.” Ɗan fari ne, kunya ba ta barin ta ta faɗi sunansa, kuma tambayar farko ke nan da za a yi mata. Na ce, “Gobe kaɗai, Hajiya, ku daure ku faɗa, cikakke yadda yake a takarda.” Wannan abu ne da ya kamata kowane gida ya yi bitarsa: sunan ɗan na takarda ba na gida ba, garin da yake zaune, aikinsa, sunan matarsa da yawan 'ya'yansa, yaushe ya zo gida na ƙarshe. Ba haddar ƙarya ake so ba. Wanda aka kama da ƙarya a kan abin da ya shafi biza, haramcin na har abada ne, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Ganawar kanta ba ta wuce 'yan mintuna ba.

An ba ta takarda mai lamba 221(g), wadda ake bayarwa idan ba za a ba da biza ba sai an cike wani abu, saboda sakamakon kaki bai fito ba. Idan aka duba shafin CEAC a irin wannan hali, kalmar Turanci da ke nufin an ƙi ita ake gani, kuma gidaje da yawa sun yi kuka a kanta a banza. A karanta takardar da aka bayar da kyau. Idan wani abu suka nema, a kai shi daidai yadda suka ce, ta hanyar da suka ce, cikin shekara guda. Idan kuma sun ce ƙarin bincike ne nasu, wani lokaci da ƙarin fom na tarihin tafiye-tafiye da wuraren zama da aiki na shekara 15, to babu ranar da aka yanka, kuma abin da ya rage naka shi ne lura da takardar lafiya da ta 'yan sanda kada su mutu ba ka sani ba. Kada a sayi tikiti, kada a sayar da gida ko dabbobi, kada a yi walimar bankwana, sai fasfo ya zo hannu.

Da ya zo, a duba rubutun suna da ranar haihuwa da ranar mutuwar bizar nan take. Kuskure a nan ake gyara shi, ba a filin jirgi ba. Idan an haɗo da ambulan a rufe, ba a buɗe shi. Mai nema ya biya dala 235 na buga katin zama kafin a tashi, ya tabbatar adireshin da za a aika katin daidai ne. Hatimin da za a buga a kan bizar ranar shiga yana zama shaidar zama na shekara guda kafin katin ya iso.

Magana ɗaya da ya kamata a yi ta tun kafin fom na farko, mu sai a ƙarshe muka yi ta: girin kad na mai zama ne. Tsohuwar da zuciyarta ke kan jikokinta na Tudun Wada da makarantar Islamiyyarta da azumi a gida, idan ta dawo ta shekara ba ta koma ba, za ta iya rasa katin, ko wata shida ma ta wuce za ta sha tambaya a filin jirgi. Mai niyyar daɗewa a gida ya nemi takardar izinin komawa, fom I-131, tun yana can kafin ya taso. Ga kuma inshorar lafiya, wadda take da tsada ga tsoho, kuma yawancin tallafin gwamnatin tarayya ba ya samuwa ga sabon zuwa sai bayan shekara biyar. Bizar Hajiya ta zo da saura mako bakwai ta mutu. Cikinsu muka karɓo mata maganin wata uku da takardar likita mai sunayen magungunan, muka yi kwafin duk fayil ɗin kashi biyu, ɗaya ya bi ta a jakar hannu, ɗaya yana nan Zariya a akwatinta.